Ba a Gaban Gwani Ake Taka-tsantsan Ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini in mayar da martani ga malamin da ya yi rubutu a shafin wasanni kan wasannin da ke wasa ƙwaƙwalwa. Na ji daɗin rubutun, musamman abin da ya faɗa a kan dara. Inda muka raba hanya shi ne wurin da ya taɓo kartar nan ta poka 'yar China wadda ake shimfiɗa katunanta a fili, wadda masu yin ta ke kira OFC. Cewa ya yi idan ka zauna da wanda ya fi ka, ka kama kanka, kada ka yi kasada. Idan kuwa da ɗan koyo ka zauna, ka saki jiki ka yi yadda ka ga dama, tunda ko ka faɗi za ka farfaɗo. Shawara ce mai daɗin ji, kuma ita mutane ke bi ko ba a gaya musu ba. Sai dai a wannan wasa a juye take, kuma lissafi ne ke nuna haka.

Kafin in yi nisa, bari in tsarkake kaina daga zargi. Ba caca nake talla ba. Caca haramun ce, kuma na ga gidajen da ta rusa. Mu biro da takarda muke ajiyewa, a rubuta maki, a tashi ba wanda ya ci sisin kwabon wani. Na san akwai malaman da ba sa son karta ko babu kuɗi a ciki, kuma ina girmama maganarsu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne samarinmu sun riga sun sauke wasan a wayoyinsu, suna musu a kansa a majalisa, kuma in har za a yi maganarsa a jarida, gara a faɗe ta daidai.

Na koyi wasan ne a Kazan, babban birnin Tatarstan a ƙasar Rasha, lokacin ina karatun injiniya. Daren hunturu a can dogo ne, tun kafin ƙarfe biyar na yamma gari ya yi duhu, ba inda za ka sai ɗakin girkin ɗalibai. Duk da sunansa, ba a China aka ƙirƙiri wannan nau'i ba. Tsohon wasan kati 13 ne ya fito daga can, wanda kowa ke ɓoye nasa har sai ya gama jerawa, kuma har an taɓa sa shi a gasar poka ta duniya a Las Vegas a 1995 da 1996. Na fili kuwa a Finland ya ɓullo wajajen tsakiyar shekarun 2000, ya tsallaka Rasha, inda ake danganta yaɗuwarsa da Alex Kravchenko, ɗan wasan da ya zo na huɗu a babbar gasar duniya ta 2007. Sai wajen 2012 ya kama kasuwa a Amurka.

Ga wanda bai san shi ba, kowane ɗan wasa zai jera kati 13 a layi uku: 3 a sama, 5 a tsakiya, 5 a ƙasa. Dokar da komai ya rataya a kanta ita ce dole layin ƙasa ya fi na tsakiya ƙarfi, na tsakiya kuma ya fi na sama. Wanda ya karya wannan, hannunsa ya ƙone. A nau'in da aka fi yi yanzu, wanda ake kira Pineapple, ana ba ka 5 da farko ka ajiye duka, sannan a riƙa ba ka uku-uku har sau huɗu, ka ajiye biyu ka yar da ɗaya a kife. Katin da ka ajiye ya zauna ke nan, ba a ɗaga shi. Idan an gama sai a gwada layi da layi. Kowane layi maki 1 ne, wanda kuwa ya share duka ukun yana da ƙarin 3, ya zama 6. Wanda ya ƙone ana lissafa shi kamar an share shi. Bayan wannan akwai garaɓasa ga hannu mai kyau: a ƙasa, jere (kati biyar masu bin juna a lamba) yana da 2, filosh (kati biyar masu zane ɗaya) yana da 4, 'yan uku da tagwaye 6, 'yan huɗu 10. A tsakiya waɗannan sukan ninka. A sama, tagwayen 6 suna da maki 1, a haura har tagwayen sarauniya 7, na sarki 8, na A (katin da ya fi sarki) 9. Sai abin da kowa ke wa zalama: duk wanda ya kafa tagwayen sarauniya ko abin da ya fi su a sama, bai kuma ƙone ba, ya shiga Fantasi. A rabo na gaba za a miƙa masa kati 14 gaba ɗaya, ya zauna a tsanake ya jera yadda yake so, alhali abokin karawarsa yana ta lalube.

To a nan kasada take. Kafa sarauniya biyu a sama tun tsakiyarka ba ta yi ƙarfin da za ta ɗauke su ba, shi ne neman Fantasi, kuma shi ne hanyar ƙonewa.

Tambayar da malamin bai yi ba ita ce: nawa ne kuɗin ƙonewa? Yawancin mutane za su ce maki 6 da garaɓasar abokin wasa. Ba haka ba ne. Garaɓasarsa dai sai ka biya, ko ka ƙone ko ba ka ƙone ba, saboda haka a cire ta daga lissafi. Ainihin asarar ita ce tazarar da ke tsakanin abin da za ka samu in ka lallaɓa, da abin da zai same ka in ka ƙone. Wannan tazara kuwa ba a tsaye take ba, katunan da ke gaban ɗayan ne ke yanke ta. Idan da ma shi zai share ka, ko ka lallaɓa 6 za ka biya, ko ka ƙone 6 za ka biya, ƙonewar ba ta ƙara maka komai ba a layukan. Idan kun yi kunnen doki, ƙonewa ta ci maka kamar 6. Idan kuwa kai ne za ka share shi, ka baro cin 6 ka koma biyan 6, wato 12 ke nan ka zubar. Yanzu a duba: wa aka fi sharewa? Ɗan koyo. Wa ya fi share mutum? Gwani. Ashe ƙonewa mafi tsada a gaban ɗan koyo take, mafi arha kuma a gaban gwanin da hannunsa ya yi kyau.

Bari in shimfiɗa hannu guda a gani. Mu biyu ne, ni ne mai rabo, don haka ni ke ajiyewa a ƙarshe. Ina da sarauniya ɗaya a sama. A tsakiya ina da sarki, 9, 9 da 4. A ƙasa ina da kati huɗu masu zane ɗaya. Sai rabo na kusa da ƙarshe ya zo mini da katin da ya cika filosh ɗin, da wata sarauniya, da 3. Na ƙasa ba shawara. Shawarar ita ce, in ɗora sarauniyar a sama, ko in yar da ita in sa 3? In na ɗora ta, tagwayen 9 ɗina ba su isa ba, sai rabon ƙarshe ya kawo mini sarki, ko 9, ko 4. Asali kati 8 ne za su cece ni. A ce biyu suna gaban abokin wasa, biyu kuma ni da kaina na yar da su a baya, saura 4. Katunan da ban gani ba 27 ne, domin na ga 14 nawa da 11 nasa. Damar a samu ko da ɗaya daga cikin huɗun nan a kati uku ba ta kai kashi 40 cikin 100 ba, kaɗan ya rage. Da 6 ne suka saura da ta kai wajen 55, da 2 ne kuma 21.

In abin ya yi, ina da 7 na sarauniya, da 4 na filosh, da Fantasi, wadda ni a lissafina nakan ƙiyasta ta a maki 8. Wasu sukan ba ta fiye, wasu ƙasa da haka, ba a nan gardamar take ba. Jimla 19 kafin a gwada layuka.

Yanzu a zaunar da ɗan koyo a gabana, mai tarkacen kati a sama, da ƙananan tagwaye a tsakiya, da abin da bai kai filosh ba a ƙasa. In na lallaɓa ina da 4 da 6, maki 10 kusan a aljihu. In na yi kasada ta yi, 25. In ta ƙi, na biya 6. A kashi 40, matsakaicin abin da kasadar za ta kawo bai wuce 6 da ɗan ɗoriya ba. Na bar 10 na bi 6. Sai damata ta haura rabi kafin ɗora sarauniyar nan ta zama hankali. A ɗauke shi a zaunar da gwani wanda ya riga ya cika 'yan uku da tagwaye a ƙasa, da tagwaye biyu a tsakiya, da A a sama. In na lallaɓa ya share ni, na samu 4 na biya 6, na tashi da bashin 2. In na yi kasada ta yi, sarauniyoyina za su ci layin sama, su hana shi sharar, in tashi da 18. In ta ƙi, 6 ɗin nan dai ce. A nan ko damata ɗaya cikin shida ce ta wadatar, ko kati 2 ne suka saura mini sai in ɗora. Katunan hannuna ba su canja ba, na gabana ne ya canja, hukuncin kuma ya juya gaba ɗaya, ya juya kuwa ta ɓangaren da malamin bai nufa ba.

Wani Batatare da muke kwana ɗaki ɗaya, mai karatun lissafi, shi ya fara nuna mini wannan ba da baki ba. In aka ba shi katunansa uku, ba ya ko kallonsu. Sai ya kife su ƙarƙashin tafin hannunsa, ya miƙa wuya ya ƙare wa layukanka kallo, leɓɓansa suna motsi yana ƙirga abin da ya fita. Sai ya gama da naka tukuna ya buɗe nasa. Wata rana na ga ya yar da sarki wanda zai ba shi tagwaye a sama, a gaban wani yaro ɗan shekarar farko da ko dokokin bai gama riƙewa ba. Da aka gama na tambaye shi dalili. Ya nuna layukan yaron da yatsa ya ce, wannan ya riga ya ba ni shida, me zai sa in mayar masa? A daren nan kuma na ga ya ɗora A biyu a sama tun kati biyar na farko, ba komai a ƙarƙashinsu, saboda wanda ke gabansa yana Fantasi.

Wannan na biyun ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne tsoro ya fi cutar da mutane. Idan abokin wasa yana Fantasi, ya jera katunansa a kife, ba ka ganin komai. Mutum sai gabansa ya faɗi, ya ce bari in lallaɓa in rage asara. Wace asara za ka rage? Mai kati 14 a hannu ba ya ƙonewa, kuma sau da yawa zai fi ka a layi biyu ko duka ukun. Ɗan hannunka mai tsabta, mai tagwayen 8 a tsakiya da J a sama, abincinsa ne. Abin da zai fisshe ka shi ne babban abu a sama, wanda zai karya masa sharar ya kuma kai ka inda yake. Kuma gwani ya fi kowa yawan shiga Fantasi, wato a gabansa ne za ka fi samun kanka a wannan hali.

Akwai kuma wani abu da nake ganin ba a cika lura da shi ba. A cikin Fantasi gwaninta ba ta da wani yawa. Duk wanda ya san dokoki, in ka ba shi kati 14 ka ba shi lokaci, zai jera su kusan yadda gwani zai jera. Gwaninta tana wajen ajiye kati ba ka san na gaba ba. Saboda haka duk rabon da na yi a Fantasi, rabo ne da na ƙwace daga hannun wanda ya fi ni, na hana shi amfani da fifikonsa. Ga mai rauni Fantasi mafaka ce. Shawarar da ta ce ya guje ta a gaban gwani ta tura shi ya tsaya a filin da aka fi shi.

Sai dai 'yan koyo ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan sai an yi hattara. Ƙanina, wanda muke wasa da shi a gida in an yi sallar isha'i, irin masu tsoro ne. Bai taɓa yarda ya sa abin da ya wuce 10 a sama ba sai ya ga tsakiya ta cika. Kullum maganarsa, "Yaya, ni dai ba zan ƙone ba." Gaskiya ne kuwa, da wuya ya ƙone, amma da wuya ya ci garaɓasa, Fantasi kuwa sai dai ya ga ana shiga. Irinsa ne ake sharewa, kuma a gabansa ne ƙonewa ke cin 12. Akwai kuma wani abokinmu mai shagon magani, shi kuma da ya ga sarki biyu, sama suka nufa, ko me ke ƙasa. Irin wannan shi ke ƙona kansa. Mutane sukan ce in ka ga ya ƙone, kai dai ka tsira da ranka kawai. Ita ma wannan maganar an wuce da ita gona da iri. In ya ƙone na tsira, ina da 6. In mun ƙone tare, ba ci ba biya. Tazarar 6 ce, ba 12 ba. A hannun da na shimfiɗa a sama, lallaɓawa 10 ce, kasada 25 ko babu, wato kashi 40 ne ma'auni, kuma da kati 4 abin ya zo kusan daidai wa daida. Da 6 kuwa sai in ɗora sarauniyata ba ko waiwaye. Mai ganganci ya fi mai tsoro ba ka damar yin kasada, duk da cewa a ido kamar akasin haka ne.

Kada kuma a fahimce ni a baibai. Ban ce da ka ga gwani ka rufe ido ka yi ta jibga manyan katuna a sama ba. Sunan mutum ba ya cin layi. Gwani ma yakan samu rabon banza, ya zauna da tarkace, a ranar shi ne abin sharewa, kuma lallaɓawa ce daidai a gabansa. Ɗan koyo ma wata rana 'yan huɗu za su faɗo masa. A kati biyar na farko, lokacin da ba a ga komai ba tukuna, bambancin da nake yi tsakanin mutum da mutum kaɗan ne. Yana girma ne a rabo na uku da na huɗu, sa'ad da layuka suka fito fili. Wasan nan an gina shi ne a kan cewa kana ganin abin da ɗayan ke da shi. Wanda ya bar kallon tebur ya koma kallon fuska, ko don raini ko don shakka, ya yar da babbar kyautar da wasan ya ba shi. Raina kama ka ga gayya, in ji Hausawa, amma tsoron kama ma yana da tasa gayyar.

Inda sunan mutum yake da nauyi da gaske shi ne tsawon wasa. In za mu yi rabo goma mu tashi, kuma na san ka fi ni, to sa'a ce abokiyata. Ina son wasan ya yi ta hawa da sauka, domin Fantasi biyu a jere za su iya ba ni tazarar da ba za ka cike ba kafin lokaci ya ƙare. A irin wannan zan karɓi kasadar da ta zo daidai wa daida, har da wadda ta ɗan gaza. In kuwa ni na fi ka, abin da nake so shi ne wasa ya yi tsawo ya kuma lafa, bambancinmu ya riƙa taruwa kaɗan-kaɗan. Kamar dambe ne: wanda ya san an fi shi ƙwarewa ba ya jiran a kai turmi na uku, kisa yake nema tun da ƙarfinsa, gwanin kuwa shi ke ja da baya yana auna. Haka ma a rabon ƙarshe, wanda ake bi maki 15 ba shi da abin lallaɓawa, wanda ke gaba da 15 kuma ba shi da dalilin neman Fantasin da ba zai ma buga ba. Na ga mutane da yawa suna manta wannan, su yi kasadar shiga Fantasi a rabon da daga shi an tashi, alhali maki 8 ɗin da suke lissafawa babu su.

Ba abin mamaki ba ne da masu wasannin lissafi suka yi fice a nan. A gasar OFC ta duniya da aka yi a birnin Prague a ƙarshen 2014, wadda ta lashe rukunin masu zuba manyan kuɗi ita ce Jennifer Shahade, Ba'amurkiyar da ta zama zakarar wasan ces (darar Turawa) ta mata a ƙasarta sau biyu. A sauran nau'o'in poka ana cin mutum da burga da ɓoye fuska. A nan ba burgar da za ka yi, komai a shimfiɗe yake, sai ƙirga da auna.

Abu na ƙarshe, in ku uku ne a tebur, wanda shi ne iyakar abin da Pineapple ke ɗauka, ana lissafi da kowa daban. Kuɗin ƙonewarka shi ne na wannan a haɗa da na wancan. In ɗaya zai share ka, ɗaya kuma kai za ka share shi, ka haɗa babu da 12, garaɓasarka kuma mutum biyu ne za su biya ta. Wannan shi ke sa teburin mutum uku ya fi wuyar aunawa, kuma shi ke sa mai bin shawarar "ji tsoron gwani, raina ɗan koyo" ya rasa ma wanda zai bi a cikinsu.

Ina roƙon malamin, in yana da hannu guda da zai shimfiɗa, kati da kati, wanda lallaɓawa a gaban gwani mai hannu mai ƙarfi ta fi kasada riba, ya kawo shi a wannan shafi da lissafinsa. Zan zauna da biro in bi shi layi-layi, in kuma aiko da amsa in Edita ya sake ba ni fili.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani injiniya daga Tudun Wada, Kaduna